Ku Tambayi Mai Turke: Ina Zan Samu 'Yan'uwana Masu Kiwo?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karo kusan duk bakinsu ɗaya: masu shanu kaɗan ne ke neman junansu, ko kuma sun samu juna sai wata matsala ta gitta. Na zaɓi biyar. Na taƙaita wasu saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bara na ajiye aikin ofis na sayi saniya biyu da karsana ɗaya. A danginmu babu mai kiwo. Na taɓa zuwa wani taron makiyaya, na tarar ana ta maganar garken ɗari da ɗari biyu, sai na zauna a baya har aka tashi ban ce uffan ba. Kunya nake ji in ce shanuna uku. Yaya zan yi in samu waɗanda za mu riƙa tattaunawa? *Daga mai shanu uku.*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a cikin ukun nan. Da biyu na fara, saboda haka na san kujerar bayan da ka zauna a kai.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, don shi ne dalilin da ya sa nake nace wa ƙananan masu kiwo su nemi juna. Saniya tana ɗaukar ciki kwana 280 da 'yan kai. In komai ya tafi daidai ta haihu sau ɗaya a shekara, sau da yawa ma tazarar takan fi haka. Ke nan kai mai uku, in Allah ya buɗa maka, haihuwa uku za ka gani a shekara, talatin a shekara goma. Yawancinsu za su zo lafiya ba tare da ka sa hannu ba. Wadda za ta zo da gardama kuwa, ranar da ta zo za ta same ka ba ka taɓa ganin irinta ba. To amma in ku goma ne masu uku-uku, kuna zama kuna gaya wa juna abin da ya faru a turke, abin da idonka zai gani a shekara goma kun gan shi a shekara ɗaya. Mai garken ɗari yana samun wannan ilimi daga garkensa. Mu kuwa sai a bakin juna.

A shekarata ta biyu da fara kiwo karsanata ta kama naƙuda bayan isha'i. Faya ta fashe, na zauna da tocila ina jira. Can sai ga kofatai biyu sun leƙo, daga nan kuma shiru. Tana yunƙuri, babu ci gaba. Abin da ban lura da shi ba, ko da na lura ma ban san ma'anarsa ba, shi ne tafin kofatan sama yake kallo. Na aika aka kira mini wani dattijo mai shanu biyar. Yana haskawa ya ce, "Ina jin ta baya ya taho." Ya wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ya laluba ya taɓo bindi, ya tabbatar. Ya ɗaura igiya a kowace ƙafa sama da gaɓar kofato, ya ce mu biyu kawai za mu ja, kuma sai in ta yi yunƙuri. Da ƙugun ya fito sai ya ce yanzu babu sauran jira, don cibiya ta matse alhali kan maraƙin yana ciki, in aka yi nawa sai ya shaƙi ruwa. Muka fito da shi da rai. Dattijon nan bai tafi ba sai da ya ga ya sha dakashi, yana gaya mini cewa garkuwar da ke cikin nonon farko a awannin farko hanjin jariri ke karɓarta, kafin kwana ɗaya ya cika ƙofar ta kusa rufewa.

A ina na san shi? A layin allurar rigakafi, wata huɗu kafin wannan dare. Bijiminsa ya turje, na miƙa wa wani yaro igiyata na kama masa. Iyakar abin da ya haɗa mu ke nan, sai gaisuwar da ta biyo baya.

Saboda haka kada ka jira a kira wani babban taro. Masu irin shanunka suna nan inda dole ke kai kowane mai kiwo: ranar allura, wurin sayen abincin dabbobi, mashaya, kasuwar shanu. Hanya mafi sauri ita ce likitan dabbobin da ke duba maka. Ya shiga kowane turke a yankinku. Ka ce masa, "Likita, wane ne mai shanu kaɗan kusa da ni wanda dabbobinsa ke burge ka?" Ka roƙe shi ya nema maka izinin mutumin tukuna, sannan ka je. In ka je, ka fara da saniyarsa. Ka tambaye shi shekarunta, haihuwarta nawa, me yake ba ta da gashinta ke sheƙi haka. Ban taɓa ganin mai kiwon da aka tambaye shi labarin saniyar da yake ji da ita ya yi rowar magana ba. Tambaya ɗaya ce zan hana ka: "Shanunka nawa?" Makiyaya da yawa, a ƙasashe daban-daban, suna jin ta kamar an ce su faɗi abin da ke cikin asusunsu. In ya ga dama shi zai faɗa. Wannan ma ya kamata ya rage maka kunyar taka, don mai ladabi a cikin makiyaya ba zai tambaye ka ba.

Taron da ka je ɗin nan ma ka sake komawa. Amma wannan karon ka waiga hagu da dama. Waɗanda suka zauna a baya suka yi shiru, galibinsu irinka ne. In an tashi ka gaisa da biyu.

In kun kai shida zuwa goma, ga abin da na ga ya fi amfani. Ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, yau a turken wannan, wata mai zuwa a na wancan. Dabarar ba tawa ba ce. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara irin wannan makaranta ta cikin gona a Indonesiya a 1989 da manoman shinkafa: a haɗu a gonar kanta, a duba abin da ke faruwa da ido, a tattauna, maimakon a zauna a aji ana sauraron mutum ɗaya. Daga baya aka ɗauko tsarin aka kai wa masu kiwo. Nasu rukunin yakan kai mutum 25 ko fiye, amma ni a turke na fi son kaɗan, don cincirindo yana firgita shanu, kuma in an yi yawa masu kunya ba sa magana. Mai masauki ya fito da saniya ɗaya, kowa ya duba: haƙarƙari nawa ake gani, yaya kashinta yake, yaya take taka ƙasa, tana tuƙa ko ba ta yi. A buɗe bakinta a koyi karanta haƙora, takwas ɗin nan na gaba da ke ƙasa, waɗanda biyun farko na girma kan fito wajen shekara biyu, a wasu irin shanun ma su ɗan makara. Sannan sharaɗin da muka sa wa kanmu tun farko, wanda nake ganin shi ya riƙe zamanmu: kowa ya faɗi asara ɗaya ko kuskure ɗaya kafin ya faɗi nasara. Taron da kowa ke zuwa yabon kayansa babu abin da ake koya a cikinsa. Ni abin da na fi ƙaruwa da shi a zamanmu shi ne labarin maraƙin da ya mutu a hannun wani, da abin da ya ce zai sake in da za a maimaita.

Tambaya: Malam, ni mace ce, maigidana ya rasu ya bar mini shanun tatsa biyu, da su nake riƙe yara. Akwai ƙungiyar masu kiwo kusa da mu, amma da sassafe suke zama, lokacin ina tatsa. Sau biyun da na je ni kaɗai ce mace, in na yi magana sai a wuce kamar ba a ji ba. Ko in haƙura? *Daga mai shanun tatsa.*

Amsa: Allah ya jiƙan maigida, 'yar'uwa, ya raya abin da ya bari. Kada ki haƙura, amma kuma kada ki bar tatsa saboda taro. Saniyar da ta saba da lokacinta, in aka tsallake mata hantsa takan cika ta yi tauri, nono ya ragu, a buɗe wa ciwon hantsa ƙofa. Taron da aka sa a lokacin tatsa ya nuna waɗanda suka sa shi ba su ne masu tatsar ba. Ki sami shugabansu a gefe ki gaya masa haka cikin girmamawa, ki nemi a mayar da zaman tsakanin tatsar safe da ta yamma. Na tabbata ba ke kaɗai lokacin ya hana ba.

In ba su sauya ba, ki duba wani wajen. A gidaje da yawa masu shanu mace ce ke tatsa, ita ke wanke ƙwarya, ita ke fara lura in saniya ta ƙi ci. Matan nan suna kusa da ke, ba a dai ƙidaya su cikin masu kiwo ba ne. Uku ma sun isa a fara.

Akwai labarin da nake so ki sani. A 1946, a gundumar Kaira, wadda yanzu ke cikin jihar Gujarat a Indiya, masu saniya ɗaya ko biyu, da masu ɓaunar gida, sun gaji da yadda ake karya musu farashin madara. Suka yi yajin sayarwa, sannan suka kafa ƙungiyar haɗin kai a garin Anand ƙarƙashin jagorancin Tribhuvandas Patel. Da ƙauyuka biyu suka fara, da madarar da ba ta wuce lita 250 a rana ba. Wani injiniya mai suna Verghese Kurien ya zo garin a 1949 ya haɗa hannu da su, daga nan aka samu Amul, sunan da ƙungiyar ke sayar da madararta da shi. A 1970 aka fara shirin yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, a 1998 kuma Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin ba girmansa ba ne. Kowace safiya da kowace yamma masu shanu, da yawansu mata, suna kawo madara wuri ɗaya a ƙauye, a auna, a gwada yawan mai, a rubuta. Layin nan shi ne taronsu. Ba su ware wa zumunci wata rana ba, aikin ne ke haɗa su sau biyu kullum, kuma a nan ake jin wace saniya ta yi ɓari, wane abinci ya ƙara nono. Ki yi tunanin wane aiki ne ku matan za ku iya haɗawa: kai madara tare, sayen abincin dabbobi tare, kiran likita rana ɗaya.

Game da wuce maganarki da ake yi, ki sayi littafi. Ki riƙa rubuta lita nawa kowace ta bayar safe da yamma, ranar da ta nemi sa, ranar da aka yi mata barbara, abin da kika ba ta. Saniyar da ba ta ɗauka ba takan sake neman sa bayan kimanin kwana 21, kuma mai littafi ce kaɗai ke iya cewa, "Sau uku ke nan tana dawowa, ga ranakun." Na ga zauren da ya yi tsit saboda wata baiwar Allah ta buɗe irin wannan littafi, don duk mazan da ke wurin babu mai iya faɗin nasa sai da ƙiyasi.

Wata moriyar kuma da ba a cika faɗa ba: mai shanun tatsa ɗaurarriya ce, ba ta da ranar ciwo, ba ta da ranar tafiya. Ki zaɓi ɗaya cikin matan nan ku riƙa zuwa tatsar juna lokaci-lokaci tun kuna lafiya. Saniya tana sakin nono ne na 'yan mintoci in hankalinta a kwance yake, in ta ji baƙon hannu sai ta riƙe. Gara ta saba da hannun ƙawarki tun yanzu.

Tambaya: Baba, mun fara ziyartar juna kamar yadda kake ba da shawara. Bayan kwana biyar da zuwansu wurina sai shanuna suka fara dalala da ɗingishi, likita ya ce ciwon baki da kofato ne. Daga baya na ji ashe ɗaya daga cikinsu yana da mai irin wannan ciwo a gida, bai faɗa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yanke shawarar ba mai sake taka mini turke. Na yi daidai? *Daga wani matashi mai kiwo.*

Amsa: Ɗana, Allah ya ba su lafiya. Ɓacin ranka yana kan hanya, kuma ni ma ina da alhaki, don duk wanda ya ce a riƙa ziyara ya wajaba ya faɗi yadda za a yi ta. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ƙafar nan tana ɗauke da kashin shanu a ƙarƙashin takalmi.

Ciwon nan, wanda makiyaya ke kira boru, yana cikin mafi saurin yaɗuwa a dabbobi. Yana bin takalmi, tufafi, tayar mota, igiya da bokiti, kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ya bayyana. Kwana biyar ɗinka ya faɗa cikin wannan tazara, saboda haka mai yiwuwa ne ta wurin baƙon ya zo. Mai yiwuwa ne kuma ta mashaya, ko ta wata dabba da ta gifta, ko ta takalminka kai kanka in ka je kasuwa a makon. Kada ka tsayar da hukunci a kan abin da ba za ka iya tabbatarwa ba. Abin da ya tabbata shi ne ya san yana da ciwo a gida ya yi shiru, kuma wannan dole a yi magana a kai.

Dubi abin da ya faru a Birtaniya a 2001. An tabbatar da cutar ranar 20 ga Fabrairu a wata mayanka a yankin Essex. Kafin a farga, tumakin da suka kamu sun riga sun ratsa kasuwannin Hexham da Longtown an rarraba su ko'ina, don a jikin tumaki alamun ba sa fitowa sosai. Aka same ta a gonaki sama da 2,000, aka kashe dabbobi sama da miliyan shida, aka soke bukukuwan baje kolin dabbobi, har babban zaɓen ƙasar sai da aka ɗage zuwa watan Yuni. Manoma suka kulle kansu a gonaki makonni, maƙwabci ba ya zuwa wurin maƙwabci. Amma da abin ya wuce ba su ce an daina kasuwa da haɗuwa har abada ba. Dokoki suka sa. A Ingila har yanzu in ka shigo da saniya ko tunkiya gonarka, sai an yi kwana shida kafin wata ta fita.

Ku ma haka za ku yi. In shanunka sun warke, likita ya ce an wuce haɗari, ka kira zama a wurin da babu dabba, ku yi yarjejeniya. Duk wanda ke da dabba mai zazzaɓi, dalala, tari ko ɓari a gida, ya faɗa, ya zauna a gida, kuma kada a kai masa ziyara sai ta warke. Kowa ya zo da wankakkun tufafi da takalmin da ba da shi yake shiga nasa turken ba. A ƙofa a kankare kashi a wanke da ruwa tukuna, sannan a tsoma a magani, don magani ba ya ratsa kashi. Ku tambayi likita wane iri za ku saya, saboda ba kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta ke kashe ta boru ba. Ababen hawa su tsaya nesa. Kada kowa ya zo da dabba. Wanda kuma ya sayo sabuwa, ya killace ta wajen wata guda, da bokitinta daban, kafin ya haɗa ta da sauran ko ya gayyaci mutane.

Sai dai ka lura da wani abu: me ya sa mutumin ya yi shiru? Yawanci tsoron a guje shi ne, ko a ce bai iya kiwo ba. In kuka wulaƙanta shi a gaban jama'a, kun koya wa sauran su ma su riƙa ɓoyewa. Wanda ya ce "ina da ciwo a gida" ya kamata ya zama shi ake kira a waya ana tambayar jiki, a ajiye masa abin da yake buƙata a bakin hanya. Cutar bushiya, wadda ta karkashe shanu a nahiyoyi uku, an ayyana kawar da ita daga duniya a 2011, kuma wajen gano inda ta maƙale a ƙarshe sai da jami'ai suka zauna da makiyaya suka saurari abin da suke gani a garkunansu.

Tun da muna kan wannan, in ja kunnenku kan aron bijimi, don shi ne abu na farko da ƙananan masu kiwo ke haɗawa in sun saba. Akwai cututtukan da bijimi ke ɗauka daga saniya zuwa saniya alhali shi garau yake a ido. Alamarsu ita ce shanu su yi ta dawowa neman sa, ko su yi ɓari. Saniyar da ta yi ɓari kada a kai ta wurin bijimin haɗaka sai likita ya duba ta, kuma kada a taɓa abin da ya fito da hannu tsirara, don bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kama mutum ta nan da kuma ta ɗanyen nono. Sannan ku sauya bijimin kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Tambaya: Malam, mun kafa ƙungiya mu goma sha biyu, muka zaɓi shugaba da ma'aji, muka fara tara kuɗi don sayen abincin rani. Wata bakwai ba a yi ba rigima ta tashi a kan kuɗin, yanzu wasu ko gaisawa ba sa yi. Za a iya gyarawa? *Daga sakataren ƙungiyar.*

Amsa: Za a iya, ɗan'uwa, amma ku fara da mayar wa kowa abin da ya zuba, ko a raba abincin da aka saya daidai da zubin kowa, a gaban kowa, da littafi a buɗe. Muddin akwai wanda ke jin haƙƙinsa na hannun wani, babu zaman da zai yi daɗi.

A ganina kun yi gaggawa. Kun sa kuɗi a tsakaninku kafin ku san halin juna. Da kun shekara kuna ziyara, kuna kama wa juna igiya, da kun san wane ne ke cika alkawari, wane ne ke zuwa a makare da uzuri, da ma'ajin ma ya fito da kansa ba sai an yi ta ja-in-ja ba. Ko sayen haɗakar, a karon farko ba ya buƙatar asusu: a sa rana, kowa ya zo da kuɗinsa, a saya, a raba a ranar, kowa ya tafi da nasa.

Akwai wani ƙauye a tsaunukan Suwizalan mai suna Torbel, na masu shanu kaɗan-kaɗan da ke kiwo a makiyaya ɗaya ta haɗaka. Sun rubuta yarjejeniyarsu a 1483. A 1517 suka sa doka cewa kada kowa ya tura shanu makiyayar fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a gidansa lokacin hunturu. Suna zama duk shekara su duba dokokin, su zaɓi mai lura, kuma akwai tara ga wanda ya saɓa. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki, a 2009, ta yi nazarin wannan ƙauye da irinsa. Abin da ta gano a ƙungiyoyin da suka daɗe shi ne an san waye ɗan ƙungiya da wanda ba shi ba, waɗanda doka za ta hau kansu su ne ke yin ta, ana iya ganin wanda ya saɓa, hukunci yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani, kuma akwai hanyar sasanta rigima nan kusa ba tare da wahala ba. Dubi dokar 1517 ɗin nan da kyau: kowa na iya ƙidaya shanun maƙwabcinsa da idonsa, ba sai ya yarda da maganar wani ba. Irin wannan doka nake so ku nema. In za ku sake tara kuɗi, a karanta lissafi a kowane zama ko da babu wanda ya nema, kuma kada kuɗi ya fita sai da hannun mutum biyu. Yin haka kare ma'aji ne daga zargi.

Waɗanda ba sa gaisawa kuwa, kai ne sakatare, ka bi su gida ɗaya-ɗaya, kada ka ɗauki littafi a zuwan farko.

Tambaya: Malam, a zamanmu in ka faɗi matsala ɗaya sai ka ji magani biyar. Saniyata ta rame, wani ya ce allura kaza, wani ya ce maganin tsutsa, wani har ya miƙo mini ragowar kwalbarsa. Wa zan bi? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: 'Yar'uwa, ki mayar masa da kwalbarsa da godiya. Ba ki san yaushe aka buɗe ta ba, ko a rana ta kwana, kuma ba ki san ko ciwon saniyarsa ne na taki ba. Rama tana da dalilai da yawa: ƙarancin abinci, tsutsar ciki, ciwon hanta, sammore (ciwon da ƙudan tsando ke kawowa), lalacewar haƙora a tsohuwar saniya. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. In kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta ce, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda ba a shan nonon saniyar ko cin namanta sai sun cika.

Duk mai ba ki shawara ki yi masa tambaya uku: a saniyarka ka gwada ko ji ka yi, me ka gani a jikinta kafin ka ba ta, kuma me ya faru bayan wata guda? Nan take biyar ɗin za su koma ɗaya ko biyu. Amfanin 'yan'uwa a nan shi ne su taya ki gani. Su duba dasashinta da cikin fatar idonta ko sun yi fari, su duba ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburi, a sa ma'aunin zafi, wanda a lafiyayyar babbar saniya yakan nuna tsakanin 38 da 39 da 'yan ɗigo. A zagaya tef a ƙirjinta, dab da bayan ƙafafun gaba, a rubuta, don da shi ake ƙiyasta nauyi, kuma maganin tsutsar da aka ba da ƙasa da nauyin dabba shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. Sai ki kai wa likita wannan bayani tare da ɗan kashinta sabo a leda mai tsabta. In ku huɗu ko biyar ne ke da ramammu, ku sa masa rana ɗaya ya zagaya ku duka, ya fara da turken da ba a zargin ciwo mai yaɗuwa, ya ƙare da wanda ake zargi.